Me ya sa magina ke komawa ga ƙasa?

Kafin siminti ya zama gari a cikin buhu, sai an gasa duwatsu a zafin da ya kai digiri 1,450. Shi ya sa masana'antar siminti kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Bayan haka kuma, ɗakin bulo mai rufin kwano ba ya shiguwa da rana a watan Afrilu sai da fanka.

Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi ta sake shi. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suka yi gini da tubali da azara.

A ƙauyen Dandaji na jihar Tahoua a Nijar, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon jar ƙasar yankin. Inji ke matse ƙasar ta zama bulo, ba a gasawa, don haka ba a ƙona itace. Tsohon masallacin ƙasar ma ba a rushe shi ba, an gyara shi ya zama ɗakin karatu. A ganina wannan ya fi komai, domin ginin da aka ceta bai buƙaci sabon kaya mai yawa ba.

Ruwa ne abokin gabar ƙasa. Mai shirin gini ya ɗaga harsashi, ya sa indararo mai tsawo, ya riƙa duba yaɓe kafin kowace damina.