Aikin Kwana Bakwai a Jere a Amurka: Abin da Doka Ta Tanada da Abin da Aka Ƙaƙaba Mata

Wani saƙo da ake ta turawa a zaurukan WhatsApp na 'yan Afirka ta Yamma mazauna Amurka, ciki har da Hausawa masu aikin gadi, da jinya, da ɗaukar kaya a ɗakunan ajiya, yana cewa duk wanda ya yi aiki kwana bakwai a jere dole ne a ninka masa lada sau biyu, kuma yana da ikon ƙin zuwa aiki a rana ta bakwai ba tare da an taɓa shi ba. Saƙon ba ya ɗauke da sunan marubuci ko sunan jiha, kuma wanda ya haɗa shi ya tsinto guntun gaskiya ne daga dokar jihar Kalifoniya ya shimfiɗa shi a kan ƙasa baki ɗaya, abin da bai kamata mai ba mutane shawara kan hanyar abincinsu ya yi ba.

Da yawa daga cikin maganganun saƙon ba su cancanci dogon bayani ba. Cewa aikin ranar Lahadi ko ranar hutun ƙasa yana jawo ninkin lada ba gaskiya ba ne, sai idan yarjejeniyar aiki ce ta tanadi hakan. Cewa marar takardun zama ba shi da haƙƙin kuɗin ƙarin lokaci shi ma ƙarya ne, domin dokar Kalifoniya ta kare ladan aikin da aka riga aka yi ba tare da duban matsayin shige da fice ba. Haka kuma sa hannu a takardar yafe wannan kuɗi ba ya soke shi.

Maganar da take cutar da mutane ita ce ta lissafin kwana bakwai, kuma fahimtarta tana farawa ne daga dokar tarayya ta ƙwadago ta shekarar 1938, wadda ta wajabta biyan lada ɗaya da rabi a kan kowace awa da ta haura 40 a cikin makon aiki, amma ba ta iyakance yawan kwanakin da baligi zai yi yana aiki a jere ba. Makon aiki a wurin doka tsayayyen zango ne na awa 168, wato kwana bakwai masu maimaituwa, wanda mai ba da aiki ne yake tsayar da ranar farawarsa, ko Lahadi ko Laraba ko wata rana, kuma ba ya sauyawa don ma'aikaci ya fara jerin aikinsa a wata rana dabam.

Kalifoniya ta ƙara a kan wannan. Sashe na 510 na dokar ƙwadagonta ya tanadi lada ɗaya da rabi bayan awa takwas a yini, da ninki biyu bayan awa 12, sannan ga wanda ya yi aiki a dukan kwanaki bakwai na makon aiki ɗaya, awa takwas na farko a rana ta bakwai ana biyansu ɗaya da rabi, abin da ya haura takwas ne kaɗai ake ninkawa biyu. Sassa na 551 da 552 kuma sun ba ma'aikaci hutun yini ɗaya cikin bakwai, suka hana mai ba da aiki sa shi aiki fiye da kwana shida. An daɗe ana gardama kan yadda ake ƙirga bakwai ɗin, har Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukunci a watan Mayu na 2017 a shari'ar Mendoza da kamfanin Nordstrom, inda ta ce da makon aiki ake auna hutun, kuma jerin kwanakin da ya ratsa mako biyu ba haramun ba ne a kan kansa.

Abin da hukuncin yake nufi a aikace yana da nauyi. Idan makon aiki yana farawa Lahadi ya ƙare Asabar, ma'aikacin da ya huta Lahadin farko, ya yi aiki daga Litinin zuwa Asabar, ya zarce daga Lahadi zuwa Juma'a, sannan ya huta Asabar, ya yi kwana 12 a jere ba tare da an karya dokar hutu ba, kuma babu rana ta bakwai a ko wane mako daga cikin biyun. Wannan ba ya nufin ya tashi a tutar babu: kwana shida na awa takwas awa 48 ke nan, don haka mai karɓar dala 20 a awa yana da dala 800 na awa 40, da dala 240 na sauran awa takwas a kan dala 30, jimla dala 1,040 a kowane mako. Wanda kuwa ya cika kwana bakwai cikin mako guda kuma ya yi awa goma a ranar ƙarshe, za a biya shi dala 240 na awa takwas da dala 80 na awa biyun da suka haura.

Ba abin mamaki ba ne mutane su gaskata saƙon, domin wanda ya yi kwana goma yana tsaye da ƙafafunsa, ga kuɗin haya a gabansa ga iyali a gida suna jiran aike, hankalinsa zai karɓi cewa doka ba za ta bari a yi masa haka kyauta ba. Sai dai illar tana da yawa. Wanda ya ƙirga kwana bakwai daga ranar da ya fara, ya ƙi zuwa aiki yana dogaro da kariyar da ba ta hau kansa ba, yana iya rasa aikin, domin a Kalifoniya, kamar mafi yawan jihohi, ana iya sallamar ma'aikaci ba tare da bayyana dalili ba muddin dalilin ba haramtacce ba ne. Wani kuma yakan karɓi dogon jerin kwanaki da tsammanin ninki, ya ga takardar albashi ba ta nuna ba, ya yanke cewa babu abin da yake bi, ya bar kuɗin awannin da suka haura 40 waɗanda halalinsa ne.

Akwai gefen da saƙon ya kusa dacewa. A cikin makon aiki ɗaya, kotun ta ce wajibi ne mai ba da aiki ya sanar da ma'aikaci haƙƙinsa na hutu, kada ya matsa masa ko ya kwaɗaita masa barinsa, ko da yake ma'aikacin na iya zaɓen yin aiki da kansa. Akwai kuma togaciya: wanda bai haura awa shida a kowace rana ta makon ba, da aikin da yanayinsa ke buƙatar a tara ranakun hutu a ba da su cikin wata. Masu kula da tsofaffi da marasa lafiya a cikin gidaje suna da ma'auninsu dabam na kuɗin ƙarin lokaci, wato bayan awa tara a yini ko 45 a mako.

A wajen Kalifoniya dokokin sun bambanta. Jihar Illinois, tun daga 1 ga Janairun 2023, tana ƙirga hutun awa 24 ne a cikin kowane kwana bakwai a jere, wanda ya fi kusa da abin da saƙon ya raya, amma hutu ta tanada ba ninkin lada ba, yayin da jihohi da dama ba su da dokar rana ta bakwai sam.

Duk wanda saƙon ya iso gare shi ya dakatar da tura shi, ya tambayi ranar da makon aikinsa yake farawa, ya riƙa rubuta awannin shigarsa da fitarsa, ya adana takardun albashinsa. Ofishin Kwamishinan Ƙwadago na Kalifoniya yana karɓar ƙarar kuɗin ƙarin lokaci kyauta, kuma wa'adin shigar da ita shekara uku ne.