Babbar Hanya Na Tafe, Amma Wa Zai Gyara Ta Fadamar Augie?

Tun da aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a garin Gulumbe, kusa da Birnin Kebbi, cikin watan Oktoba na 2024, zancen hanya a Jihar Kebbi ya koma zance guda. A tasha, a rumfar mai shayi, a gidajen rediyo, da zarar ka koka da lalacewar hanya sai a ce maka ka ƙara haƙuri, ai babba na tafe. Har a ƙasar Augie, inda manomi ke biyan ɗan kabu-kabu ya fito masa da shinkafa buhu ɗai-ɗai daga fadama zuwa bakin titi, za ka ji ana cewa wahala ta kusa ƙarewa. Akwai rashin fahimta a cikin wannan murna, kuma gara a warware shi tun kankaren bai bushe ba.

Aikin dai babba ne, ba mai musu. Tsawonsa kilomita 1,068, daga Illela a bakin iyakar Nijar, ya ratsa Sakkwato, Kebbi, Neja, Kwara, Oyo da Ogun, ya tuƙe a Badagry ta Jihar Legas. Rabon Kebbi a ciki kilomita 258 ne. Kamfanin Hitech ke aikin a ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da David Umahi ke jagoranta, kuma da kankare mai rodi ake shimfiɗawa maimakon kwaltar da muka saba. Idan an gama, tirelar da ta ɗauki albasa a Aliero ko shanu a Illela za ta isa Legas cikin lokacin da bai kai na yanzu ba. Wannan alheri ne.

Sai dai hanyoyin ƙasar nan hawa uku ne, kowane da mai shi. Akwai na tarayya, irin wadda ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal, Jega, Koko da Yawuri zuwa Kwantagora. Akwai na jiha. Sannan akwai na ƙananan hukumomi, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na duk hanyoyin Najeriya, kuma galibinsu burji ne ko turɓaya. A ƙasar Augie, hanyar da matar Bubuce ke bi zuwa asibiti, da wadda manomin Bayawa ke bi zuwa kasuwa, ba sa cikin kwangilar Gulumbe. Ba ministan da zai zo daga Abuja ya duba su. Wanda bai rarrabe wannan ba zai yi ta jiran abin da ba a taɓa yi masa alkawarinsa ba.

Domin a gane damuwar Augie, sai an koma baya, domin ƙasar Kabi ta taɓa samun babbar hanya tun kafin a san kwalta. Hanyar ita ce gulbi. Kogin Rima, wanda mutanen wurin ke kira Gulbin Kabi, yana gangarowa daga wajen Sakkwato ta Silame, ya ratsa ƙasar Augie da Argungu, ya wuce ta gefen Birnin Kebbi har ya faɗa kogin Kwara. Da damina yakan bazu ya cika fadama mai faɗin kilomitoci. A kan wannan ruwa aka gina daular Kabi. Lokacin da Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Songhai wajen 1516 ya kafa Surame, tarihin baka ya ce yana da jirgin ruwa lulluɓe da tagulla, mai matuƙa hamsin, wanda yake rangadi da shi idan ruwa ya cika. Ko da an yi wa labarin ado, abin da yake nunawa a fili yake: sarkin Kabi na farko ya san cewa mai mulkin wannan kwari dole ya iya tafiya a cikinsa rani da damina.

Ruwan nan kuma ya yi wa Kabawa garkuwa. Bayan Birnin Kebbi ta faɗa hannun masu jihadi a 1805, aka kori Sarki Muhammadu Hodi, garuruwan da suka riƙe sunan Kabi su ne na bakin fadama: Augie, Argungu, Gulma da Zazzagawa. Doki, wanda shi ne ƙarfin yaƙin wancan zamani, ba ya da ta cewa a cikin laka da ruwa, alhali Bakabe ya san kowane mashigi, kuma yana da masunta da masu fito a hannunsa. Da wannan ne Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi a Argungu a 1849. Baturen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, da ya bi ta Gwandu da Birnin Kebbi a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, ya ga gonakin shinkafa a kwarin, ya kuma ɗanɗani wuyar ƙetare fadamu da dabbobi a farkon damina. A tudu kuwa, ayarin fatake ne ke bi ta Jega zuwa Gwanja sayen goro. Wato tsari biyu ne ke tafiya tare: jaki da takarkari a tudu, kwalekwale a kwari, Sarkin Ruwa da mutanensa suna haɗa su a mashigai.

Turawa ne suka karya wannan tsari. Bayan sun ci Sakkwato a 1903, hanyoyin da suka sa hakimai su share da aikin tilas an yi su ne don isa ga haraji da kai gyaɗa da auduga bakin dogo. Dogon kuwa da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau, a Ƙaura Namoda ya tsaya a 1929. Har yau ba layin dogo ko taku ɗaya a Jihar Kebbi. Hanyar mota ta bi tudu tana kauce wa fadama, saboda gada tsada gare ta. Gwamnatocinmu na bayan 'yancin kai suka zuba kwalta a kan layin da suka gada. Sannan aka gina madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, aka bi da ta Goronyo a kan Rima, yanayin cikar gulbi ya canza, yashi ya yi ta cike hanyoyin ruwa ba mai yashewa. Tsohuwar hanya aka bar ta ta mutu, sabuwa kuma ba ta shiga kwari ba. Tsakanin biyun nan ƙauyukan fadama suka faɗa, kuma a nan suke har yanzu. Gulbin da ya ɗauki daula ya koma wurin biki: tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ake taruwa a Matan Fada kamun kifi, UNESCO ma ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2016, amma da baƙi sun watse ba mai sake tuna cewa ruwan nan hanya ce.

Abin takaicin shi ne wannan kwarin da aka kauce wa shi ne ƙasa ta juyo ta dogara da shi. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Banki a watan Nuwamba na 2015. A 2016 Kebbi da Legas suka fito da shinkafar Lake Rice. A 2017 aka buɗe katafaren injin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga na Labana a Birnin Kebbi. Shansherar da injinan nan ke ci daga fadama take fitowa. Tirela kuwa ba ta shiga fadama. Daga gona zuwa bakin titi, jaki ne da amalanke da babur da kwalekwale ke ɗauka, kuma a 'yan kilomitocin nan ne ribar manomi ke zubewa. Dillalin da ya san ba wata mota da za ta shigo bayan tasa, shi ke yanka farashi. Ko da an yi wa babbar hanya layi goma, idan ba a haɗa ta da gona ba, ribar ta mai tirela ce da dillali.

Masu ba da kwangila sun san abin da ke kashe hanya, ko da ba sa faɗa: ruwa da nauyi. Kwalta ko kankare fata ce kawai a sama. Ƙarfin hanya yana cikin jar ƙasar da aka danne a ƙarƙashi. Da ruwa ya samu kafar shiga ya jiƙa ta, sai ta saki, rami ya buɗe. Shi ya sa lambatu da kwalbati suka fi kwalta muhimmanci, ko da yake ba a yanka kirtani a kansu. Nauyi kuwa, gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan an ninka lodin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninku kusan sau 16. Wa ke auna tirelolin shinkafa, siminti da taki da ke bin hanyoyinmu? A ina sikelin yake?

A kwari irin na Rima akwai haɗari na uku. Duk hanyar da za ta ƙetare fadama sai an ɗaga ta da ciko, cikon nan kuwa tamkar madatsa ne. Idan kafofin da aka bar wa ruwa sun yi kaɗan, ɗayan biyu ne: ko ruwan ya taru ya shanye gonakin da ke sama, ko ya ɓalle hanyar ya wuce. Mun gani a 2010, lokacin da ambaliyar Rima ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ta gangaro ta mamaye ƙauyukan Augie da Argungu. Mun sake gani a 2020, da ruwa ya shanye dubban ɗaruruwan hekta na shinkafa a Kebbi, ya tafi da gadoji da hanyoyi. Saboda haka tambayar da ta kamata mutanen kwari su yi wa injiniyoyin kowace sabuwar hanya ita ce: kafa nawa kuka bar wa ruwa, kuma da ambaliyar wace shekara kuka auna? Dattijon da ya san inda ruwa ya tsaya a 2010 yana da ilimin da ba ya cikin taswira, a tambaye shi.

Haka nan batun faɗaɗa tituna. An tagwaita manyan tituna a cikin Birnin Kebbi, an sa fitilu, gari ya yi kyau, kuma babban birnin jiha ya cancanci haka. Amma ana tagwaita hanya ne idan motoci sun yi mata yawa. Ciwon ƙauye daban ne: hanyar ce ke ɓacewa ɗungurungum daga Yuli zuwa Oktoba. Kuɗin kilomita guda na tagwayen titi zai gina kwalbatoci masu yawa da za su buɗe ƙauyuka da dama, sai dai kwalbati ba ya fitowa a talabijin. Faɗaɗawa kuma tana zuwa da nata rigingimu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi diyya ne a kan gini da amfanin gona, ita ƙasar kanta tana hannun gwamna, don haka mai gona yakan tashi da kuɗin shuka ɗaya a madadin gadon kakanni. Hanya mai faɗi da gudu tana raba gari da gonakinsa, tana yanke burtali. Idan ba a yi wa mutane da dabbobi mashigi ba, za a yi ta jana'iza.

Kada a ɗauka maganar kasuwa ce kawai. Ƙauyen da mota ba ta isa da damina, mai naƙuda ba ta fita, jami'in tsaro ma ba ya shiga da wuri. Mutanen Augie ba su manta da harin 'yan bindigar Lakurawa a garin Mera ba, a watan Nuwamba na 2024, inda aka rasa mutum 15. Wurin da kuma ba gada, jama'a kan cika tsohon jirgi fiye da kima. Hatsarin da ya ci mutane masu yawa a kogin Kwara kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ya isa wa'azi.

Ba shirye-shirye muka rasa ba. An yi DFRRI a 1986 don hanyoyin karkara. An yi PTF, asusun rarar kuɗin man fetur. An kafa FERMA a 2002 don gyaran hanyoyin tarayya. Yanzu ga shirin hanyoyin karkara na RAAMP, da Bankin Duniya ke tallafawa, kuma Kebbi na cikin jihohin da ke ciki. Kowanne ya share hanya, kaɗan ne suka bar wanda zai kula da ita bayan an tafi. A da akwai leburorin hanya da ke cike rami da yashe lambatu kafin ruwan farko. Yau sai hanya ta mutu murus a sake ba da kwangilarta, domin sabon aiki ya fi gyara maiƙo.

A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, shugaban ƙaramar hukumar Augie da kansilolinsa su fito da jerin mashigan da ke yankewa duk damina, mazaɓa bayan mazaɓa, su manna a sakatariya, su faɗi wanda za a gyara bana. 'Yan majalisar jiha na masarautar Argungu su nemi a ware kuɗin kula da hanya daban da na sabon aiki. Gwamna Nasir Idris ya matsa wa tarayya ta haɗa babbar hanya da garuruwan fadama, a kuma yashe hanyoyin ruwa a tanadi jirage masu lafiya. Sarakuna da limamai su hana jama'a toshe lambatu da shara da gini. Kai kuma mai ƙuri'a, duk ɗan siyasar da ya zo maka da hoton titin Badagry, ka yi masa godiya, sannan ka kama hannunsa ka kai shi mashigin garinku, ka tambaye shi ranar da za a fara aiki.