Ido da Alamar Hana Ajiye Mota a Hanyar Keke

A biranen da aka keɓe wa masu keke hanyarsu, kamar Amsterdam, mota guda da aka ajiye a kan hanyar takan tilasta wa mai keke ya ratse cikin motoci, inda hatsari ke jiransa. Shi ya sa ake kafa alamar hani. Yarjejeniyar Viyana ta 1968 ta tsara siffarta: shuɗin faifai mai jan baki, da jan layi guda a karkace.

To, me ya sa launi kaɗai bai wadatar ba? Amsar tana cikin ido. A can ƙuryarsa akwai ƙwayoyi iri uku masu rarrabe launi. Wasu mutane, galibi maza, akan haife su da tawaya a iri ɗaya, sai ja da kore su rikice musu, amma da'ira da layi ba sa ɓace musu. Haka kuma direban da ke gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa, ba shi da sukunin karanta dogon rubutu.

Don haka ɗalibin da ya zana irin wannan alama, ya fara buga ta da baƙi da fari. Idan an gane ta daga nesa a haka, to, ta yi.