Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Auna Hanyoyin Koyar Da Lissafi

Duk shekara in sakamakon jarrabawar BECE ya fito, zangunanmu sukan cika da magana. Uba zai tare malami a bakin hanya ya ce, "Malam, me ya sami lissafin yaron nan?" Mu kanmu malamai in mun koma ofis sai gardama ta ɓarke. Dattawan cikinmu suna cewa tun da aka rage hadda lissafi ya lalace, domin a zamaninsu yaro yakan rera biyu sau biyu huɗu har ya zauna masa daram a ka. Samarin da suka fito daga kwalejin horon malamai kuwa cewa suke yi a ba yaro murafen kwalba da tsinken tsintsiya ya jera, ya ƙirga da hannunsa, ya gane dalili kafin ya haddace.

Wannan gardama ba ta shan iska ba ce. Lissafi yana cikin darussa huɗu na dole da ake haɗa makinsu wajen tura yaro babbar sakandare. Yaron da ya yi rauni a cikinsa yakan rasa makarantar da yake so, alhali iyayensa sun riga sun zuba kuɗin karatun yamma.

Hujjar da muka saba kawowa ita ce, "Ai ajina ya fi naka ci." Amma wannan hujja tana da ɓaraka biyu. Ta farko, wataƙila tun farko an tara masu ƙoƙarin ne a ajin da ya yi nasara. Ta biyu kuwa sa'a. Ko malami ɗaya ne ya koyar da aji biyu da hanya iri ɗaya, makinsu ba zai zo daidai wa daida ba, domin wani zazzaɓi ya kama shi ranar jarrabawa, wani kuma tambayar da ya sani ce ta fito. Saboda haka tambayar da ya kamata mu riƙa yi ita ce: shin sa'a kaɗai tana iya kawo bambanci mai girman wannan? Amsa wannan tambaya shi ne aikin da masana ƙididdiga suke kira gwajin zato.

Wani Baturen Ingila mai suna Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a 1919, ya bayyana wannan dabara da misalin shayi a wani littafinsa na 1935. Wata mata ce ta ce in ta kurɓi shayi tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofin ko ruwan shayin. Fisher ya ce a haɗa kofi 8, huɗu madara a farko, huɗu shayi a farko, a cakuɗa jerinsu, a ce ta ware. Akwai hanyoyi 70 na zaɓen kofi 4 daga cikin 8, kuma guda ɗaya ce daidai. Ke nan mai cinke kawai sau 1 cikin 70 zai dace da dukkansu. Amma dacewa da 3 ko fiye yakan faru sau 17 cikin 70, don haka wanda ya gane uku bai isa a yi masa tafi ba.

To, yaya za mu kawo wannan cikin aji? Mu ɗauki misali. A ce muna da yara 20 'yan aji uku, muna son gwada hadda da murafen kwalba wajen koyar da sau. Da farko sai mu nemi yardar hedimasta da iyaye. Sannan mu yi wa yaran ɗan gwaji, mu haɗa su bibbiyu bisa ga kusancin makinsu, na ɗaya da na biyu, na uku da na huɗu, har mu sami tagwaye 10. A kowane tagwaye sai a rubuta sunayen biyu, a zuba a hula, a zaro ɗaya. Wanda ya fito ya tafi rukunin hadda, ɗayan ya tafi rukunin murafe. Ƙuri'a ce take raba su, ba son ran malami ba. Malami ɗaya ya koyar da rukunin biyu, lokaci daidai, na tsawon mako shida. A ƙarshe a yi jarrabawa ɗaya, wani malami da bai san rabon ba ya duba takardun.

Yanzu sai mu fara da zaton cewa hanyoyin biyu daidai suke. In haka ne, wanda zai fi ɗan'uwansa a kowane tagwaye tamkar jefa kwabo sama ne, ko kai ko gindi. Jifa 10 tana iya faɗuwa ta hanyoyi 1,024. Daga cikinsu, a guda 352 wani ɓangare yakan ci 7 ko fiye, wato kusan sau ɗaya cikin uku. Ashe in murafe suka ci tagwaye 7, hadda ta ci 3, babu wanda ya isa ya bugi ƙirji. Cin 8 ko fiye yakan zo ta hanyoyi 112, kimanin 11 cikin 100. Amma cin 9 ko 10 hanyoyi 22 ne kacal, kimanin 2 cikin 100. Al'adar masana tun zamanin Fisher ita ce, in abin ya gaza 5 cikin 100, sai a ajiye zaton farko, a ce lallai akwai bambanci. Daga nan sai a koyar da ɗaya rukunin da hanyar da ta yi nasara, don kada a cuci ɗan kowa.

Sai dai akwai abubuwan kiyayewa. In ba a ga bambanci ba, ba a ce hanyoyin daidai suke ba. Yara 20 sun yi kaɗan su tona ƙaramin bambanci. In kuma an gani, sai a sake tambaya: maki nawa ne, kuma ya kai kuɗi da lokacin da za a kashe? A rubuta ƙa'idar hukunci kafin jarrabawa, kada a yi ta maimaita gwaji har sai abin da ake so ya fito. Hanyar da ta yi amfani ga sau a aji uku kuma ba lallai ta yi ga aljabara a ƙaramar sakandare ba. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Kada mu ɗauka wannan aikin Turawa ne kaɗai. A nan Gana, tsakanin 2010 da 2013, Hukumar Ilimi ta ƙasa da wasu masu bincike sun raba makarantun firamare 500 ta hanyar ƙuri'a. A wasu an ba da mataimakan malamai don su koyar da yaran da aka bari a baya karatu da lissafi daga inda fahimtarsu ta tsaya, wasu kuma aka bar su yadda suke don kwatantawa. An sami ci gaba, amma ba mai yawa ba, kuma an gano cewa sau da yawa ba a yin darussan yadda aka tsara. Da ba a gwada ba, da masu yabo da masu kushe duk sun ci gaba da magana a duhu.

Saboda haka, iyaye, in wani ya zo da sabuwar hanya ko sabon littafi yana cewa yaransa duk sun ci, ku tambaye shi: da su wa aka kwatanta su, wa ya zaɓe su, kuma su nawa ne? Mu kuma 'yan'uwa malamai, hula da takarda da alli duk muna da su. Zango mai zuwa mu rage musu a ofis, mu gwada a aji. Allah Ya buɗe wa 'ya'yanmu basira, amin.