Gaskiya ko Jita-jita: Daga jardan zuwa aji ɗaya a Diffa

Watan Oktoba, lokacin da kogin Komadugu ke cikowa, shi ne kuma lokacin komawa lakwal. A Diffa, Chetimari da Maine-Soroa, iyayen yaran da za su bar jardan su shiga CI, wato aji ɗaya, suna ta jin shawarwari iri-iri. Wasu na da tushe, wasu kuwa cutar da yaran suke yi.

Wadda ta fi damuna ita ce wai sai an daina yi wa yaro Kanuri ko Hausa a gida, an koma Faransanci, kafin kansa ya buɗe. Jita-jita ce. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna 'yan firamare a ƙasashen Afirka goma, ya gano cewa a Nijar fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan aji biyu ba su kai matakin da ake nema a fannin harshe ba. Burundi ce ta zo kan gaba, kuma can da Kirundi, harshen gida, ake fara koyar da yara. Nijar ma ta daɗe da sanin haka: tun 1973 ta fara makarantun gwaji da harsunan ƙasa, Kanuri na cikin biyar da aka yi aiki da su. Yaron da ya iya kawo tatsuniya daga farko har ƙarshe da harshen uwarsa, ya iya tambaya, ya iya ƙirga awakin gidansu, ya riga ya sami abin da zai ɗora Faransanci a kai. Wanda ya haddace waƙar da bai san ma'anarta ba, ba abin da ya riƙe. A Diffa abin ya fi nauyi, don sai ka ga yaro na jin Tubanci ko Fulatanci a gida, Kanuri ko Hausa a wajen wasa, Faransanci a allo. Malamin da ya fassara masa umarni a makonnin farko bai ɓata lokaci ba.

Masu cewa jardan wasa ne kawai sun faɗi rabin gaskiya. Wasa ne, amma a cikinsa yaro ke koyon riƙe alli, jiran layi, da faɗin cewa fitsari ya matse shi. A Nijar yaran da ke samun jardan ba su kai ɗaya cikin goma ba, don haka galibinsu a gida da makarantar allo suke koyon waɗannan.

Sai batun kuka. "Tunda yana kuka bai isa ba, a bar shi sai baɗi." A'a. Kukan kwanakin farko abu ne da aka saba gani, kuma yakan wuce. A kai shi ya ga ajin kafin ranar buɗewa, a haɗa shi da yayarsa ko ɗan maƙwabta su tafi tare, a yi masa sallama a fili maimakon a sulale, a kuma dawo a lokacin da aka yi masa alkawari. Amma a nan dole mu tuna inda muke. Duk yaron da ke shiga aji ɗaya yanzu an haife shi ne bayan harin Boko Haram na 6 ga Fabrairun 2015 a kan Bosso da Diffa. Wasu a sansanin Sayam Forage suka buɗe ido, wasu a bukkokin gefen babbar hanyar ƙasa, wasu ambaliya ta taɓa tashin gidansu. Idan kukan ya ɗauki makonni, ga firgita cikin barci, ga fitsarin kwance bayan ya daina, to ba sangarta ba ce. Bulala ƙara masa tsoro za ta yi. A zauna da malaminsa, a kuma kai shi likita.

Gwajin nan na ɗora hannu ta saman kai a taɓo kunne, don a gane ko yaro ya isa shiga lakwal, yana da ɗan tushe, don hannun yaro na ƙara tsawo a kan girman kansa wajen shekara biyar zuwa shida. Sai dai ba duk yara ke girma daidai ba, kuma mai ƙaramin jiki na iya rasa shekara guda a banza. Takardar haihuwa ta fi shi tabbas. In ta ɓace a gudun hijira, ko ba a taɓa yi ba, alƙali na ba da wadda ke maye gurbinta, kuma gara a fara nemanta tun damina.