Sawakin, Ƙofar Alhazan Ƙasa

Duk inda dattawan Mahuta ko na Funtuwa suka taɓo zancen hajjin ƙasa, wato na zamanin da mutum kan biya basussukansa, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar dangi, sa'an nan ya ɗauki sanda da gora ya fuskanci gabas, da wuya a tashi ba a ambaci Sawakin ba, domin nan ne ƙasa take ƙarewa, sauran tafiya sai ta ruwa.

Sawakin ɗan tsibiri ne kewayayye a wani lungu na Bahar Maliya, ta ɓangaren Sudan, wanda aka gina gidajensa da dutsen murjani da ake haƙowa daga teku. Turkawa sun mallake shi a 1517, har ya zama mazaunin Bashan da ke hukunta wannan gaɓa, kuma sai a 1877 Gordon, gwamnan Sudan na lokacin, ya sa aka yi masa hanyar da ta haɗa shi da tudu.

Amma kafin maniyyaci ya ga ganuwarsa, sai ya ratsa Kano, da Barno, da Wadai, da Darfur, guzurinsa kuwa galibi yakan ƙare tun bai yi rabin hanya ba, sai ya yada zango ya nemi aikin lada. Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, gonakin audugar yankin Jazira na Sudan suka zama rufin asirin alhazai, kuma manomin ƙasar Malumfashi, wanda ya tashi cikin tsinkar kaɗa tun yana yaro, ba ya bukatar mai koya masa. Wani ya yi shekara biyu yana tarin kuɗin jirgi, wani bakwai, wani kuwa ya yi aure, ya hayayyafa, ya rasu da niyyarsa, Allah Ya ba shi ladanta. Zuriyarsu na nan a garin Mai Wurno na Sudan da kewaye.

Wanda ya isa Sawakin sai a killace shi, a yi masa lamba, a duba takardunsa. Marasa hali kuwa sukan ba masu kwalekwalen iska ɗan abin da suka mallaka, a tsallaka da su da dare, abin da ya halaka mutane da yawa.

Da jiragen tururi suka ƙara girma, mashigar tsibirin ta yi musu ƙunci, sai Ingilishi suka buɗe Fot Sudan a 1909, attajirai suka ƙaura, gidajen murjani kuma, da suka rasa mai yi musu yaɓe, suka dinga zubewa. Alhazai ne suka ci gaba da raya garin, har jirgin sama ya fara kwasar mutanenmu daga Kano. A 1991 an buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Sawakin da sunan Usman Digna, kuma daga nan jiragen fasinja ke zuwa Jidda.