Mariƙin Ƙofa Mai Halin Randa

Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa da tsakar rana a bazara ya san akwai kayan da ke aiki ba sai an sa su ba. Ba lantarki, ba ƙanƙara, ba mai tsayawa a kanta yana fifita. An zuba ruwa da safe, an rufe da faifai, kafin azahar ya yi sanyi. Sirrin yana jikin yumɓun: ruwa na tsattsafowa ta ƙananan kafofin da ido ba ya gani, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Haka randa take yi ko mutanen gida na barci.

Irin wannan hali aka gano a jikin jan ƙarfe, har wasu asibitocin Turai da Amurka suka koma sa mariƙan ƙofa da aka ƙera da shi. A asibiti da wuya a sami abin da ya kai mariƙin ƙofa shan hannu. Likita ya kama, nas ta kama, mai shara ya kama, ga ɗan dubiya riƙe da kwanon abinci, ga majinyacin da ya fito daga banɗaki. An goge shi da safe, amma hannun farko da ya biyo baya ya mayar da aikin baya. Kuma ba ƙaramar magana ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022, cikin majinyata 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki da 15 a ƙasashe masu tasowa kan kwashi wata cutar a cikin asibitin.

A 1983 wata masaniyar ƙwayoyin cuta a jihar Pennsylvania ta Amurka, Phyllis Kuhn, ta gwada mariƙan ƙofofin asibitin da take aiki. Na ƙarfen silba, masu sheƙi kamar an wanke su yanzu, ƙwayoyin cuta sun yi dandazo a kansu. Tsofaffin na tagulla, waɗanda suka dushe suka yi kamar masu dauɗa, ɗan abin da aka samu a kansu bai taka kara ya karya ba. Dalilin shi ne akwai jan ƙarfe a cikin tagulla, kuma idan ƙwayar cuta ta sauka a kan jan ƙarfe, sinadarin ƙarfen kan huda fatarta, ya kutsa ciki, ya ragargaza ƙwayar halittarta. Ƙarfen silba kuwa ba ya taɓa ta. Tana iya kwana da kwanaki a kansa da ranta.

Tsohon asibitin Selly Oak na Birmingham a Ingila ya gwada abin a ɗakin majinyata na gaske. An sa kawunan famfo da mazaunin masai da farantin tura ƙofa masu jan ƙarfe, sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna ƙwayoyin cutar da ke kansu sun ragu da kashi 90 zuwa 100 cikin ɗari. Tun a 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince cewa irin waɗannan ƙarafa na kashe fiye da kashi 99.9 na wasu ƙwayoyin cuta cikin awa biyu, har da MRSA mai taurin kai ga magunguna.

Ga inda kamar jan ƙarfe da randa ta fi fitowa. Ka sami uwargida mai son kwalliya ta lafta wa randarta fenti mai ƙyalli ciki da waje: ta toshe kafofin, ruwa ya daina sanyi, randa ta zama bokiti. Haka mariƙin tagulla yake. Masu ƙera kayan ƙofa sun saba shafa masa man ƙyalli don kada ya dushe, to da zarar an shafa, hannu ba ya haɗuwa da ƙarfen, ƙwayar cuta ma haka. Dushewar da ake gudu ba ta hana shi aiki. Sai dai idon mutane ya saba ɗaukar sheƙi a matsayin tsafta, kuma shugaban asibitin da zai bar ƙofofinsa su yi duhu-duhu sai ya shirya amsa ƙorafi.

Randa kuma ba ta sanyaya ruwa nan take, ba ta kuma gyara ruwan da yaro ya tsoma wa moɗa mai ƙasa. Awa biyu lokaci ne mai tsawo ga ƙofar da ake buɗewa kowane minti. Ni dai ba na jin daɗin yadda wasu ke tallar jan ƙarfe kamar zai ɗauke wa ma'aikata wanke hannu. Hukumar Amurkan da kanta ta sharɗanta cewa ƙari ne a kan goge-goge da wanke hannu, ba madadinsu ba.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko majinyata sun rage kamuwa. Wani bincike na 2013 a ɗakunan kulawa ta musamman na asibitoci uku, biyu a Charleston ɗaya a New York, ya sami raguwar kashi 58. Amma can ƙarafan gefen gado da sandar rataye ledar ƙarin ruwa da hannuwan kujera aka sauya, ba mariƙin ƙofa ba, kuma wasu masana sun soki yadda aka tsara binciken. Raguwar ƙwayoyi a kan ƙarfe ta tabbata. Raguwar cuta a jikin mutum tana neman ƙarin hujja.

Duk da haka ina ganin ya cancanci kuɗinsa a wurare ƙalilan: ƙofar ɗakin jarirai bakwaini, ta masu ƙuna, ta banɗakin majinyata. Jan ƙarfe ya fi silba tsada, kuma a inda 'yan gwangwan ke sayensa da daraja sai an ɗaure shi da kyau. Asibitin da famfonsa ba ya kawo ruwa kuwa, ya fara da ruwan da sabulu tukuna.